Wa Ke Riƙe da Mudun Hayaƙin Tema?

Mun yi niyyar a watan nan mu yi magana a kan shirin jarrabawar yara, amma wata gardama da ta tashi a taron iyaye da malamai na makarantarmu ta sa muka ajiye wannan sai wani jiƙon.

Ga yadda aka yi. Ana cikin maganar gyaran rufin aji, sai wani dattijo ya miƙe ya ce shi ba rufi ya kawo shi ba. Jikarsa ta yi wata biyu tana tari, an kai ta asibiti an ce asma ce, shi kuwa ya tabbata ƙurar wata ma'aikata ce da ke can bayan unguwa. Ya ce duk mai shakka ya zo da sassafe ya shafa teburin yara da yatsa. Wannan kam gaskiya ya faɗa, domin kullum sai mun sa an goge kafin a buɗe littafi. Bai gama zama ba sai wani magidanci, wanda ya daɗe yana aiki a ma'aikatar, ya tashi a fusace ya ce, "Baba, ku ji tsoron Allah. Hunturu ne, da bolar da muke ƙonawa, da hayaƙin motoci. In aka rufe wurin nan, wa zai ciyar da 'ya'yanmu?" Aka yi ta cacar baki har shugaban taro ya ce a yi addu'a a tashi, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a duk cikin ɗakin nan babu wanda ya yi tambayar da ko yarinya ƙarama takan yi in an aike ta kasuwa, wato, nawa ne? Masara ba ma yarda a zuba mana sai da olonka, nama sai an ɗora a sikeli, yadi sai an auna a gabanmu. Amma abin da ake zuba mana a cikin iskar da muke shaƙa dare da rana, shi mun bar shi ga rantsuwa da ɗaga murya. Alhali kuwa yana da mudu, har mudu iri-iri, kuma ba sabon abu ba ne.

Kafin mu kai can, kada wani ya ɗauka muna gaba da masana'antu ne. Ina! An buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, matatar mai ta biyo baya a 1963, aka fara narka alminiyum a 1967, sa'an nan ga masu niƙa siminti da masu narka tsohon ƙarfe da masaƙu. Aikin nan ne ya jawo iyayenmu daga arewa da maƙwabtan ƙasashe, waɗanda ba su sami ɗaki a cikin Tema ba suka kafa bukkoki a Ashaiman har ta zama garin da muke gani yau. Da yawa cikinmu da kuɗin leburancin nan aka sa mu makaranta. Saboda haka magidancin nan da ya fusata yana da hujja, dattijon ma yana da tasa. Abin da zai raba su awo ne.

Mudun farko da aka yi wa hayaƙi, ido ne da kati. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Maximilien Ringelmann ne ya ƙirƙiro shi wajejen ƙarshen ƙarni na 19. Katuna ne daga fari fat, lamba 0, zuwa baƙi ƙirin, lamba 5, na tsakaninsu kuma an ja musu baƙaƙen layuka masu ƙara kauri. In aka kafa su nesa kaɗan sai layukan su narke a ido su zama toka-toka, mai dubawa ya kalli bakin bututun hayaƙi, ya kalli katunan, ya ce wannan ya yi daidai da lamba kaza. Kada a raina dabarar. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya gauraya da hazo ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, aka ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu, binciken baya ma ya kai adadin kusan 12,000. Da Ingila ta yi dokar tsabtace iska a 1956, da katin nan ta fayyace abin da ake nufi da baƙin hayaƙi: duk wanda ya kai lamba 2 ko ya wuce.

To amma ido yana da iyaka, kuma nan ne mu mutanen unguwa muka fi yin kuskure. Da dare ba ya gani, da dare kuwa ba a daina aiki. Farin abin da yakan tuƙo daga wani bututu ya tayar mana da hankali, sau da yawa tururin ruwa ne kawai. Alamarsa ita ce yakan ɓace ɓat kusa da bakin bututun, ƙura kuwa takan ja dogon wutsiya a sama. Su kuma miyagun iskokin ba su da launi. Iskar farar wuta, wadda ke fitowa in an ƙona baƙin mai ko kwal, tana shaƙe ƙirji amma ba a ganinta. Iskar da ke kashe masu kwana da kurfoti a rufaffen ɗaki ba ta da launi, ba ta da wari. Ƙurar ma, wadda ta fi illa ita ce wadda yatsan dattijo ba zai kwaso ba. Masana suna kiranta PM2.5, ƙwayarta ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta wajen sau 30, gashin hanci da majina ba sa tare ta, sai ta zarce can ƙuryar huhu. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage bututun da ya fi kowanne tsabta a ido yana iya fin kowanne ɓarna.

Bayan taron nan muka nemi wani tsohon ɗalibinmu wanda yanzu aikinsa ke nan, hawa bututun masana'antu yana awo. Da yake aji a wurinmu lissafi ne ya fi ba shi wuya, yau ga shi da lissafi yake cin abinci. Muka zaunar da shi a ƙarƙashin bishiya, malami ya koma ɗalibi, ya yi mana bayani dalla-dalla.

Ya ce in ka lura da babban bututu za ka ga tsani, da wani ɗan dandamali a tsakiyar tsawonsa. A nan ake huda ƙofofin awo. Na'urar ƙura da aka fi sani fitila ce a gefe guda, madubi a ɗaya gefen. Haske yakan ratsa cikin hayaƙin ya bugi madubin ya dawo, na'urar ta auna nawa ya tafi, nawa ya dawo, abin da ya ɓace a hanya ƙura ce ta tare shi. Wato katin Ringelmann ne aka ba shi idon da ba ya barci. Inda ƙurar ba ta da yawa kuma akan yi amfani da wata wadda ke auna hasken da ƙurar ta watsar, kamar yadda muke ganin ƙura na rawa in rana ta shigo ɗaki ta hujin kwano. Akwai ta uku da ta fi ba mu sha'awa, domin gwajin da muke yi wa yara ne a aji: a goga biro a gashin kai ya ɗauki guntun takarda. Ƙwayoyin ƙura ma suna ɗauke da irin wannan 'yar wutar. Sai a zura sandar ƙarfe cikin bututun, duk ƙurar da ta buge ta ko ta gifta kusa da ita ta bar alama. Galibi akan sa ta bayan buhunan da ke tace ƙura a ma'aikatar siminti da makamantanta, domin da zarar buhu ɗaya ya yage sai lamba ta yi tsalle, a san akwai ɓaraka tun kafin maƙwabta su gani a kan shanyarsu.

Na iskoki kuwa, ya ce kowace iska tana da irin hasken da take shanyewa, cikin hasken da ido ba ya gani, kamar wanda rimot ke aika wa talabijin. In aka haska shi ta cikin hayaƙi aka ga wane ne ya ragu, kuma da nawa, an san wace iska ce da yawanta. Ba mu tsawaita a nan ba, don mun ga kanmu ya fara ɗaukar zafi.

Inda muka daɗe shi ne wurin auna gudun hayaƙin, domin mun tambaye shi, in an san kaurin ƙura, me kuma ya kawo maganar gudu? Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ku kuka koya mana." Ga lissafin, mu yi shi tare. Ana faɗin ƙura da miligiram a cikin kubik mita. Miligiram kashi ɗaya ne cikin dubu na giram, kubik mita kuwa lita 1,000 ce, kamar cikin durom biyar. Mu ƙaddara bututu biyu. Na farko ƙarami ne, hayaƙinsa ya yi duhu, miligiram 200 a kowace kubik mita, amma kubik mita 10,000 yake fitarwa a awa. Wannan kilo 2 ke nan a awa, kilo 48 a kwana. Na biyu babba ne, hayaƙinsa garau, miligiram 50 kacal, amma yana fitar da kubik mita 200,000 a awa. Wannan kilo 10 ke nan a awa, kilo 240 a kwana, kusan buhun siminti biyar ana watsawa sama kowace rana. Da ido aka bi, ƙaramin za a kai ƙara, a bar babban yana ta aikinsa. Lambobin nan mu muka zaɓe su don misali, ba na wata ma'aikata ba ne, amma haka lissafin yake a ko'ina.

Abin auna gudun kuwa tsohon abu ne ƙwarai. Wani Bafaranshe, Henri Pitot, shi ya fara gwada shi a kogin da ya ratsa birnin Paris a 1732. Ya lanƙwasa bututun gilashi ya fuskantar da bakinsa ga ruwa, ya ga iya ƙarfin gudun ruwan iya yadda yake hawa cikin gilashin. Har yau da irin wannan jirgin sama ke sanin gudunsa. A bututun hayaƙi akan haɗa guda biyu baya da baya, ɗaya na fuskantar hayaƙin, ɗaya ya juya masa ƙeya, bambancin matsin da ke tsakaninsu shi ke ba da gudu. Na zamani kuma da sauti suke aiki. Kowa ya san in ka kira mutum ta inda iska ta nufa muryarka ta fi saurin isa. To, ana aika sauti sama da ƙasa a karkace cikin bututun, a ga wanne ya riga isa, kuma da nawa.

Sa'an nan ya gaya mana wata dabara da mai son zamba kan yi inda ake ƙona mai ko kwal. A buɗe wata kafa iskar waje ta shiga ta tsarma hayaƙin kafin ya kai wurin awo, sai lamba ta sauka, alhali ko giram ɗaya bai ragu ba. Duk wanda ya taɓa sayen nonon da aka yi wa ruwa ya gane. Maganin wannan shi ne a auna iskar oksijin tare. Iskar waje kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wuta kuwa cinye ta take yi, saboda haka in aka same ta da yawa a cikin hayaƙi an san an yi gauraye, sai a mayar da lissafin inda ya kamata. Rahoton awon irin wannan bututu da bai faɗi oksijin ba, bai faɗi gudu ba, rabin rahoto ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Awo iri biyu ne. Akwai wanda ake zuwa a yi da hannu: a hau da kaya, a zura bakin famfo ya tsotsi hayaƙi daidai da gudun da yake tafiya, ba fiye ba, ba ƙasa ba, a bi faɗin bututun wuri-wuri, a tara ƙurar a takardar tacewa wadda aka auna nauyinta tun farko, a koma a sake aunawa. Wannan shi ne mafi inganci, da shi ma ake saita na'urar fitila, domin ita haske take gani, ba nauyi ba. Amma na 'yan awoyi ne, kuma galibi masu wurin sun san ranar. Mu malamai kada mu yi kamar ba mu gane ba. Ranar da aka ce mai duba makarantu zai zo, wa bai ga yadda fili ke shan shara, littafin darasi ke cika, har mai makara ya riga kowa zuwa ba? Abin da ke nuna halin makaranta rajista ce da ake kira kowace safiya. Ita ce na'urar da aka kafe a jikin bututu, tana rubutawa dare da rana, har da daren da buhu ya yage da safiyar da aka tayar da tanderu.

Ita ma ba waliyyiya ba ce. Gilashinta yana yin datti, shi ya sa ake haɗa ta da fankar da ke hura masa iska mai tsabta, in fankar ta mutu lamba ta lalace. Dole a riƙa gwada na'urar iskoki da tukunyar gas wadda aka riga aka san abin da ke cikinta, kamar yadda ake gwada sikeli da dutsen awo. Kuma mai kuɗin da ya saye ta, shi ke biyan mai kula da ita. Kada a ce mun cika zargi. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara a kwamfutarsu, mai gane lokacin da ake gwaji ta rage hayaƙi, in an hau titi ta saki. Kamfanin ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa. Yadda asirin ya fara tonuwa kuwa, wasu masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka ɗora na'urar awo a motocin suka bi titi da su, wato suka yi awo ranar da ba a sa rai ba.

Saboda haka tambayar ba ta tsaya ga ko akwai na'ura ba, sai an haɗa da wa ke ganin lambar. A 2014 hukumar hana gurɓata muhalli ta Indiya ta umarci rukuni 17 na masana'antu masu yawan ƙazanta su kafa irin na'urorin nan, lambobin su riƙa tafiya kai tsaye zuwa kwamfutar hukuma. A shekarar nan kuma ƙasar Sin ta sa dubban manyan masana'antu su riƙa bayyana nasu ga jama'a ta intanet, wani tsohon ɗan jarida mai suna Ma Jun da ƙungiyarsa suka tattara su a taswirar da kowa ke iya buɗewa a wayarsa ya ga bututun da ya ƙetare iyaka. Wannan na biyun shi ya fi burge mu, don ya sa mudun a hannun mai saye.

A nan Gana ba a ce ba mu da doka ba. An kafa hukumar kare muhalli, EPA, da dokar 1994, wata sabuwa ta maye gurbinta a 2025. Tun 1999 aka wajabta wa masana'antu neman izinin muhalli da miƙa rahoto ga hukumar. A 2010 ta ƙaddamar da shirin Akoben, sunan ƙahon yaƙi na mutanen Akan, inda aka riƙa ba masana'antu da kamfanonin haƙar ma'adinai launi biyar gwargwadon halinsu, daga ja, mafi muni, zuwa ruwan zinariya, a kuma bayyana wa duniya. A 2019 Hukumar Ma'aunai ta ƙasa, wadda ke duba famfunan gidajen mai ta manna musu takarda, ta fitar da ma'auni mai lamba GS 1236, wanda ya yanka iyakar abin da bututu zai fitar da abin da ya kamata a samu a iskar unguwa. A shekarar dai aka yi dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana 14. Dokar ba ta ce sai mai digiri ba, ba ta ce ban da ɗan zango ba. Mu ne dai muka saba in abu ya dame mu sai mu yi gunaguni a majalisa bayan la'asar, takarda kuwa mu bar wa wasu.

Sai dai fa mu shirya jin abin da ba ma so. Wataƙila in lambobi suka fito su wanke ma'aikatar, ko su ɗora mata kashi kaɗan, ragowar ya dawo ƙofar gidanmu. Bolar da muke cinna wa wuta da magariba har da leda da roba ba ta da bututu balle a kafa mata na'ura, kuma daidai hancin yara take tashi. Haka tayar motar da wasu mahautanmu ke babbaka ganda da ita. Haka wayoyin da samari suka yi shekaru suna ƙonawa a Agbogbloshie don fitar da jan ƙarfe, kafin a rushe wurin a 2021. Wanda ya nemi a auna na wani, ya yarda a auna nasa.

Ga abin da muka tsayar. Mun roƙi shugaban iyaye ya kira dattijon nan da magidancin nan su biyu su sa hannu a takarda guda, ɗan majalisar unguwa ya kai ta ofishin hukumar. Ba ƙara ba ce, tambaya ce: ma'aikatun da ke kewaye da mu, wanne ke da na'urar dindindin, wanne sai an zo da hannu, yaushe aka yi awon ƙarshe, nawa aka samu, nawa doka ta yarda, kuma wa ya gwada na'urar? Magidancin ya ɗan yi jim, ya ce yana tsoron manyansa su ga sunansa, muka ce to limamin unguwa ya sa hannu a madadinsa, ya yarda.

Mu kuma a aji shida mun fara namu ɗan awon. Mun yanka farin kwali guda takwas mun shafa musu basilin, biyu a kowace kusurwar makaranta, mun ɗaura ƙyalle a kan sanda don ganin inda iska ta fito. Kowace safiya yaro ɗaya zai rubuta ko daga teku take ko daga arewa, kowace Juma'a mu cire kwalayen mu rubuta musu kwanan wata mu sa sababbi. Wannan ba zai ba mu miligiram ba, kuma ba zai kama 'yar ƙaramar ƙurar nan ba, amma in hunturu ya wuce za mu jera su a tebur mu ga ko duhunsu ya bi shi ya tafi. Duk malamin da ke Tema New Town ko Kpone ko wani zango da yake son ya yi irinsa, ya aiko da wasiƙa ta ofishin wannan mujalla, mu aika masa da yadda muka tsara jadawalin. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.